Goge komai ko bin diddigin matsala a LineageOS

Idan kwamfutar hannu mai aiki da LineageOS (wata manhajar sarrafa na'ura da aka gina kan Android) ta fara kashe kanta tana sake tashi, hanyoyi biyu ne a gaban mai ita. Ta farko ita ce goge komai a sake ɗora manhajar. Tana da sauri, amma hotuna da takardun da ba a kwafe ba sun tafi ke nan, kuma idan laifin yana cikin manhajar kanta, matsalar za ta dawo.

Ta biyu ita ce haɗa na'urar da kwamfuta ta wayar USB, a kunna adb logcat (umarnin da ke nuna bayanan abin da ke gudana a cikin na'urar), a karanta layukan da suka fito daƙiƙu kaɗan kafin ta mutu. Wannan tana cin lokaci da haƙuri, sai dai ita ce kan nuna inda gizo ke saƙa, shi ya sa na fi son a fara da ita.