Abin da na gani a ƙamusun Oxford bayan na daɗe ina aiki da shi a teburin fassara

Aikina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a wani gidan rediyo, kuma kalma ɗaya ce ta sa na sayi ƙamusun Oxford Advanced Learner's Dictionary, bugu na 10 wanda ya fito a 2020. Kalmar ita ce brunt.

A watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri, an miƙo mini rahoton wata ƙungiyar agaji saura 'yan mintuna a shiga labarai. A ciki akwai jimlar da ke cewa mata da yara bore the brunt na ambaliyar. Don sauri na zuba ta a wata manhajar fassara ta waya, sai ta ba ni cewa mata da yara ne suka "ɗauki nauyin" ambaliyar. Gabana ya faɗi. A Hausa wanda ya ɗauki nauyin abu shi ne ya biya kuɗinsa ko ya tsaya masa, kamar mai ɗaukar nauyin karatun maraya. Mutanen da ruwa ya raba da gidajensu, suna kwana a makarantu, a ce su suka ɗauki nauyin masifar da ta same su? Na soke na rubuta cewa su ne suka fi jin jiki. A makon nan na nemi ƙamus na takarda.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ajiye maka kalma ita kaɗai. Da na buɗa brunt, sai na tarar ya kawo ta tare da abokan tafiyarta, bear da take, ya kuma fayyace cewa ana nufin karɓar mafi tsananin ƙarfin wani abu marar daɗi. Wannan "marar daɗi" shi ne mabuɗin. Ba a faɗin brunt a kan alheri. Ta yaƙi ce, ta fari, ta tsadar rayuwa, ta fushin shugaba. Da ka gane haka, Hausar da kanta take zuwa: sun fi ɗanɗana kuɗarsu, sun fi shan wuya, a kansu abin ya ƙare.

Daga nan na bi 'yan uwanta ɗaya bayan ɗaya, don a da duk "mafi yawa" nake kiran su. Bulk lissafi ce kawai, babu ciwo babu daɗi a cikinta, wato akasari ko galibi. Idan kuma aka ce an sayi kaya in bulk, sari aka yi. Lion's share kuwa rabo ce. Ta samo asali daga tatsuniyar Aesop ta Girka, inda zaki ya fita farauta da wasu dabbobi ya handame naman, shi ya sa sau da yawa take ɗauke da ɗan ƙorafi. Idan labarin kasafin kuɗi ya ce wata ma'aikata ta samu lion's share, kaso mafi tsoka nake cewa, kuma mai saurare na jin abin da ake nufi. Crux asalinta Latin ne, ma'anarta gicciye, ana faɗinta a kan wurin da matsala ta ƙulle. Ban taɓa samun fassarar da ta zauna daram kamar wannan ba: inda gizo ke saƙar.

Gist ce ta fi ba ni aiki, saboda a nan Nijeriya mun ba ta wata rayuwa dabam. Ga Bature gist gundarin magana ne, abin da za ka faɗa wa wanda bai halarci taro ba cikin jimla biyu. A wurinmu kuwa hira ce, ko ma tsegumi. Babban ƙamusun Oxford English Dictionary ya shigar da wannan ma'ana tamu a watan Janairun 2020, tare da kalmomi irin su okada, danfo da Kannywood. To dole mai fassara ya fara tambayar kansa wa ya rubuta takardar da ke gabansa, ɗan Landan ne ko ɗan Legas.

Na fahimci dalilin da ya sa ƙamusun da na saya yake haka bayan na san tarihinsa. A. S. Hornby, wanda ya fara haɗa shi, malamin Turanci ne a Japan, ya ga da idonsa inda ɗalibin da ba harshensa ba ne yake tuntuɓe. A Tokyo aka fara buga aikin a 1942, kafin maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Har yanzu da sauƙaƙan kalmomi ake bayanin ma'ana, ba sai ka buɗa shafi uku kafin ka gane guda ba.

Sai dai mai saye ya sani, Turanci ne zalla daga bango zuwa bango, ba zai miƙo maka Hausa ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙwari ba gara ya haɗa shi da ƙamusun Turanci da Hausa. Ga shi da nauyi, ba na jaka ba ne, na tebur ne. Ni dai na ba shi gurbi kusa da madannin kwamfuta, kuma na ɗauki al'adar rubuta Hausar kowace kalma da fensir a gefen shafi. A gefen brunt yanzu akwai fassara huɗu, ta farkonsu ita ce wadda na karanta a labaran Maiduguri.