Shafin Etymonline da tarihin kalmar "carpenter"

Etymonline, wanda cikakken sunansa shi ne Online Etymology Dictionary, shafi ne na intanet da wani Ba'amurke mai suna Douglas Harper ya kafa a shekarar 2001 domin bin diddigin asalin kalmomin Ingilishi. Ana shigarsa kyauta, ba a neman rajista, kuma yana buɗewa da sauri ko da a ƙaramar waya. Na auna shi da kalmar "carpenter" ne saboda ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda daga gare ta Hausa ta aro "kafinta".

Bayanin da shafin ya bayar gajere ne, amma babu kalmar da aka zuba a banza. Ya nuna cewa kalmar ta bayyana a rubutun Ingilishi wajen shekarar 1300 da ma'anar mai aikin katako, musamman manyan ayyuka na gini, kuma tun kafin lokacin ana samunta a matsayin sunan iyali. Daga nan sai ya koma baya mataki-mataki. Ingilishi ya karɓe ta daga Faransancin da mutanen Normandi suka shigo da shi Ingila bayan sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, inda ake cewa "carpentier", kuma har yau Faransawa suna da "charpentier". Faransancin ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawa, na ƙarshen zamanin daularsu, inda "carpentarius" yake nufin mai ƙera keken doki, domin "carpentum" shi ne keken doki mai ƙafa biyu, galibi mai rumfa, wanda manyan matan birnin Rum suke hawa. Su ma Rumawan aro suka yi daga mutanen Gol, wato mazaunan ƙasar da ake kira Faransa a yau, waɗanda suka yi fice wajen ƙera irin waɗannan kekuna. Ke nan mutumin da a yau yake kafa rufin gida ya gaji sunansa ne daga mai haɗa ƙafar keke da gindinsa, kuma shafin ya nuna wannan sauyin ma'ana a fili ba tare da ƙawata labari ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyar da ake riƙewa wajen shekaru. Shafin ya bayyana cewa shekarar da ya rubuta ita ce ta mafi daɗewar rubutun da aka samu, kuma mai yiwuwa mutane sun daɗe suna furta kalmar kafin wani ya sa ta a takarda. Haka kuma duk siffar kalmar da masana suka ƙiyasta, ba su same ta a rubuce ba, ana sa mata alamar tauraro, saboda mai karatu ya bambanta tabbas da hasashe. Ya kuma ambaci kalmar da Ingilishi na dauri yake amfani da ita kafin wannan ta ture ta, wato "treowwyrhta", ma'ana mai sarrafa itace, wadda ragowarta take cikin sunan iyali Wright.

Inda shafin ya gaza shi ne amfanin kalmar a yau. Ɗalibin da yake son sanin yadda ake sa ta a jimla ba zai sami misalai masu gamsarwa ba, kuma ba a tsaya an warware bambancin da Turawan Ingila suke yi tsakanin "carpenter" mai aikin rufi da bene a wurin gini, da "joiner" mai haɗa ƙofofi da tagogi a shago, da "cabinetmaker" mai yin kayan ɗaki na ƙawa ba. Wannan bambanci yana da amfani ga mai fassara, domin mu duka ukun kafinta muke ce musu. Dole ne a haɗa shi da ƙamus na yau da kullum. Sannan Ingilishin bayanin yana da nauyi ga mai koyo, ga gajerun alamomin ƙarni da na harsuna, ga kuma tallace-tallace da suke matse rubutun a fuskar waya.

Mai karatu Bahaushe zai lura cewa shafin yana bin kalma ne har shigarta Ingilishi, ba ya bin ta bayan ta fita. Saboda haka babu labarin yadda "kafinta" ta zauna a Hausa a zamanin Turawa ta kama mai zarto da guduma da ƙusa, alhali "masassaƙi" ya ci gaba da riƙe mai gizago, wanda yake fafe turmi da akushi daga gungume guda. Malamin harshe ko mai fassara da yake son wannan ɓangaren sai ya nemi ƙamusoshin Hausa da ayyukan masana kan kalmomin aro.