Gwajin gaban allo ko aikin tafi-da-gidanka: wanne ke nuna gwanin manhaja?

Malam, na ga tambayarka: kana son ɗaukar mai rubuta manhaja mutum ɗaya a ƙaramin kamfaninka, takardun masu nema sun taru, ka rasa ko ka zaunar da su su warware matsala a gabanka, ko ka ba su aiki su je gida su yi. Kowanne akwai abin da yake aunawa, kuma ba abu ɗaya ba ne.

Gwajin gaban allo shi ne wanda manyan kamfanoni irin su Google suka yi suna da shi: minti 45, tambaya ɗaya ta algoridim (wato tsara matakan warware matsala), kana kallo yana rubutawa. Amfaninsa sauri, kuma ka tabbata shi ne ya yi da hannunsa. Wajen tankaɗe da rairaya ba shi da na biyu. Tun 2007 ake yayin wata 'yar tambaya mai suna FizzBuzz, wadda mai rubuta manhaja Jeff Atwood ya yayata: a jero 1 zuwa 100, lambar da 3 ke raba ta ba saura a sa Fizz, wadda 5 ke raba ta a sa Buzz, wadda duka biyun ke raba ta a haɗa su. Aikin minti biyar ne, amma za ka sha mamakin masu kwalin digiri da za su tsaya suna sosa ƙeya.

Matsalarsa fa? Da zarar tambayoyin sun yi tsauri, hadda kake aunawa. Wanda ya shafe wata uku a LeetCode, shafin atisayen irin waɗannan tambayoyi, zai yi wa tsohon hannu fintinkau, alhali bai taɓa gyara manhajar da mutane ke amfani da ita ba. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro Homebrew, manhajar girka wasu manhajoji a kwamfutar Mac, ya koka a Twitter cewa Google ta ƙi ɗaukarsa don ya kasa juya wani tsarin bayanai mai rassa biyu-biyu a kan allo. Sannan ga fargaba. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar North Carolina da Microsoft sun gwada ɗalibai kashi biyu, wasu su kaɗai a ɗaki, wasu ana kallonsu. Ƙwazon waɗanda ake kallo ya ragu da fiye da rabi. Kai kuwa ba jarumin tsayawa gaban allo kake nema ba.

Aikin tafi-da-gidanka ya fi kama da abin da zai riƙa yi maka kullum. A nan za ka ga yadda yake sa wa abubuwa suna, ko ya rubuta gwaje-gwajen da ke tabbatar da manhajar na aiki, ko ya tuna abin da zai faru in intanet ta yanke ana tsakiyar biyan kuɗi, ko bayanin da ya bari zai wadatar da wanda zai gaje shi. Allo ba ya nuna ko ɗaya cikin waɗannan.

Sai dai shi ma da nasa ciwon. Na farko lokaci: ka ce aikin awa 4 ne, ya cinye wa mutum Asabar da Lahadi. Mai iyali da ke riƙe da wani aikin zai haƙura, kuma sau da yawa shi ne gwanin. A wajenmu ƙara da kuɗin data da man janareta. Shi ya sa Automattic, masu WordPress.com, suke biyan mai nema kuɗin aikin gwajin da suka ba shi. Na biyu, wa ya yi aikin? Da can aboki ake roƙa. Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, ko roƙon ma an huta.

Da masu nema ɗari biyar gare ka, da na ce fara da gajeren gwaji a shafukan gwada masu rubuta manhaja irin su HackerRank ko Codility don a rage cunkoso. Mutum ɗaya kake nema, don haka ni aikin gida zan zaɓa, amma da sharaɗi. Yanko shi daga ainihin aikinku, kada ya wuce awa 2, kuma ka faɗi haka a fili. Ka ƙyale shi ya yi amfani da duk abin da ya ga dama. Bayan ya kawo, ku zauna minti 40 da kwamfutarsa a buɗe: me ya sa ka bi nan ba can ba? To ga sabon sharaɗi, kwastoma na son biya kashi-kashi, ina za mu taɓa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda aka yi wa aikin, tun a tambaya ta biyu zai fara kame-kame.

Ka rubuta tambayoyin nan da makin kowacce tun kafin kowa ya shigo, ka yi wa kowa iri ɗaya. Nazarin da masanin halayyar ma'aikata Paul Sackett da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya sa irin wannan ganawa mai tsari a sahun gaba wajen hasashen ƙwazon ma'aikaci. In kana da wani mai rubuta manhaja a kamfanin, ya zauna tare da ku, kowa ya ba da makinsa a takarda kafin ku yi magana da juna.