YouTube ko WhatsApp: wanne ya fi dacewa da tura wa ɗalibai darasi?

Malamin da ke shirya ɗalibai don jarrabawar WAEC a Gusau ko Talata Mafara, da wayarsa kawai zai ɗauki darasi. Inda zai ajiye bidiyon ne abin dubawa.

WhatsApp ya fi kusa da hannu, domin rukuni ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Sai dai yana matse bidiyo kafin ya tura, rubutun allo ya dusashe, ɗalibi ya kasa bambance 3 da 8. Maganinsa a tura shi a matsayin fayil, wanda ke kaiwa har 2GB, amma nauyin zai cinye data ya kuma cika ƙaramar waya. A kashe saukewa ta atomatik, a yanka darasi zuwa minti biyar-biyar. Da ɗalibi ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ba tare da intanet ba. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021 ba zai raina wannan ba.

YouTube kuwa yana ajiye darussa a jere, ɗalibi ya rage ingancin hoton zuwa 360p idan sabis ya yi rauni. Sabon asusu ba ya ɗora abin da ya wuce minti 15 sai an tantance shi da lambar waya. Illarsa, wasu bidiyoyi na gefe suna jan hankalin yaro.

Inda sabis ke da ƙarfi, a ɗora a YouTube, a tura mahaɗin ta WhatsApp. A ƙauye, fayil ɗin da ke cikin waya ya fi.