Murhun banda mai rumbun gawayi: abin da itace ya yi wa naman layyata

Wata takwas ke nan da na sayi wannan murhun banda a nan Houston ta jihar Texas a Amurka, irin wanda ake zuba wa gawayi a dogon rumbu da ke tsaye a gefensa, wuta tana ci daga ƙasa, na sama kuma yana gangarowa da nauyin kansa duk lokacin da na ƙasa ya zama toka. Ƙaramar fanka ce ke hura wutar, saboda haka idan mutum ya saita digiri 250 na ma'aunin Farenhait, a nan zafin zai tsaya har gari ya waye. Da curarren gawayi ban taɓa yin kuka da shi ba, domin rumbun yana ɗaukar kimanin kilo 7, wanda yakan kai ni awa goma ko fiye.

Abin da ya ɓata mini rai ya faru ne ranar Babbar Sallah. Tun da na fara amfani da shi nake jin naman bai da ƙamshin hayaƙin da na saba ji a tukubar masu balangu a gida, inda itace ke ci ganga-ganga. Mutanen Texas ma da itace tsantsa suke gasa naman ƙirjin shanu a manyan murhunansu. Sai na yanke shawarar cewa naman layya ya cancanci itace, na sayo faskaren mesquite, wanda dangin ƙiryarmu ne, na daddatsa shi, na cika rumbun da shi ba tare da gawayi ba sai ɗan abin kunnawa. Na jera karfata biyu da cinya ɗaya bayan sallar isha'i, na tafi na kwanta da kwanciyar hankali.

Wajen ƙarfe uku na dare ƙarar wayata, wadda ke haɗe da murhun, ta tashe ni, zafi ya faɗo ƙasa da digiri 150. Da na fito na tarar da farin hayaƙi mai kauri yana tuƙuƙi, yana wari irin na tsumma mai ci da wuta. Itacen ya sarƙe a tsakiyar rumbun ya ƙi gangarowa, fanka tana ta hura iska a banza. Na ɗaga murfin rumbun domin in zungure shi, nan take harshen wuta ya yi tsalle ya babbake mini gira da gefen gemu. Cikin murfin kuwa ya yi baƙi ƙirin da wani maiƙo mai danƙo kamar kwalta. Da safe naman ya yi kyau a ido, amma ɗaci ya kama bayansa har yana sa harshe ya yi nauyi, sai da uwargida ta fere saman duka ta mayar da sauran farfesu, ga baƙi an gayyata.

A ranar na rantse sai na mayar da murhun. Da zuciyata ta huce na gane cewa laifin nawa ne. Rumbun a toshe yake ta sama, iska tana shiga ne ta wurin ragar ƙasa kaɗai. Gawayi an riga an ƙone ruwa da maiƙon da ke jikinsa, saboda haka yana iya zama sa'o'i a kan wuta yana jiran layinsa. Itace kuwa zafi yana dafa shi ba tare da isasshiyar iska ba, sai ya riƙa fitar da tururi da hayaƙin da bai ƙone ba, shi ne ɗacin, shi ne kuma abin da ya kama da wuta da na ba shi iska. Yanzu gawayi nake cikawa, in tsarma guntayen itace huɗu ko biyar masu girman dunƙulen hannu a tsakani, in jefa ɗaya a akwatin toka inda garwashi ke faɗo masa. Da haka hayaƙin ke fita siriri, naman kuma ya yi daɗi.

Duk da haka ban yafe wa masu ƙera shi gaba ɗaya ba. Gargaɗin kada a cika rumbu da itace, wanda ya kamata a manna da manyan haruffa a kan murfin rumbu, an bar shi a cikin ɗan littafin da ba kowa ke karantawa ba. Gawayin itace na gargajiya ma, idan manyan gutsattsari suka yi yawa, yana sarƙewa kamar yadda faskaren ya yi, sai na bi shi ina farfasawa kafin in zuba. Curarren gawayi ba ya haka, amma tokarsa tana da yawa, tana toshe raga idan an daɗe ana gashi. Shi kuma maiƙon da itacen nan ya bari, sau uku ina kankare shi, har yau idan rana ta take murfin yana manne wa bakin rumbu sai na sa ƙarfi. Ƙamshin tukuba kuwa har yanzu ban same shi ba, kusa da shi kawai nake zuwa.