Kano da Damagaram: a zauna tare ko a yi ta intanet?

Mawaƙin Kano da ke son yin aiki da na Damagaram yana da hanya biyu: ya ƙetara iyaka su zauna tare, ko su riƙa aika wa juna murya ta WhatsApp.

Ta intanet ta fi sauƙi. Babu kuɗin mota, babu canjin naira zuwa sefa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019, da kuma lokacin da aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023, hanyar intanet ce ta rage wa masu fasaha. Sai dai kowa a ɗakinsa yake rera nasa, daga baya a haɗa.

Zama tare yana da tsada da wahala, amma ni shi na fi so. A nan makaɗin kalangu ke jin inda mawaƙi ke jan numfashi, ya jira shi. A nan ɗan wasan Kannywood ke sabawa da karin Damagaram da kalmomin Faransanci da suka shiga Hausar Nijar, har ya daina ganin karin Kano ne kaɗai Hausa. Kuma idan baiti ya karye, a take ake gardama a kansa a gyara.