Sayen gida a Ingila: lauyan intanet ko na cikin gari?

A gida Najeriya idan dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, aka daidaita, mai gida ya ce ya sallama, aka ba da kafin alƙalami a gaban shaidu, to magana ta ƙullu. Saura a je hukumar filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a duba takardar mallaka, a nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. A Ingila da Wales abin ya sha bamban. Mai gida zai iya karɓar tayinka yau, bayan wata biyu wani ya ƙara masa kuɗi ya juya maka baya, kuma babu kotun da za ta tilasta shi. Ciniki ba ya ɗaurewa sai ranar da lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi musayar yarjejeniyar da aka sa wa hannu, ranar da mai saye kan ajiye kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Daga karɓar tayi zuwa karɓar mukulli ana shafe wata uku zuwa huɗu, sau da yawa fiye. Duk wannan zangon yana hannun lauya, shi ya sa zaɓensa ya fi zaɓen dillali muhimmanci. Scotland tsarinta daban ne, wannan bayanin bai shafe ta ba.

Aikin iri ɗaya ne ko wa ka ɗauka. Lauya zai ciro rajistar gidan daga hukumar Land Registry, ya karanta fom TA6 da mai sayarwa ya cike a kan iyaka da rigima da maƙwabta da gyare-gyaren da aka yi, da fom TA10 mai nuna abin da za a bari a gidan, har labule da murhu. Zai nemi bincike daga ƙaramar hukuma a kan izinin gini da titin da ake shirin fitarwa, da na kamfanin ruwa a kan magudana, da na muhalli a kan ambaliya da gurɓatar ƙasa. A yankunan da aka taɓa haƙar kwal, irin su Yorkshire da kudancin Wales, ana ƙara binciken tsofaffin ramukan ma'adinai da ke ƙarƙashin gidaje. Bayan nan ya aika wa lauyan mai sayarwa tambayoyi, ya karɓi kuɗi daga banki, ya biya haraji, ya sa sunanka a rajista. Abu ɗaya da mutanenmu ke yawan ɗora masa alhali ba nasa ba ne: duba lafiyar ginin. Lauya ba ya zuwa ya ga gidan. Rufin da ke yoyo da bangon da ya tsage aikin injiniyan da za ka ɗauka da kuɗinka ne.

Kamfanonin intanet manyan ofisoshi ne da ke wani gari nesa da kai, suna karɓar aiki daga ko'ina a ƙasar. Za ka ɗauki hoton fasfo da fuskarka ta manhajar waya, ka riƙa ganin inda aikin ya kai a shafinsu ko da tsakar dare ne, wasunsu suna amsa waya har ranar Asabar. Ƙananan ofisoshin cikin gari kuwa za ka iya shiga da ƙafarka da jakar takardunka, ka zauna da wanda fayil ɗinka ke kan teburinsa. Doka ɗaya ce ke kansu: ko dai hukumar SRA mai kula da lauyoyi, ko CLC mai kula da ƙwararrun sauya mallakar gida. Kowace tana da rajista a buɗe, kuma wanda ba ka ga sunansa a ciki ba kada ka tura masa ko kwabo.

Kuɗin aiki a nan ba kaso ne daga farashin gida ba kamar yadda lauyoyi da dillalai ke yankar la'ada a gida. Adadi ne tsayayye, galibi daga fam 800 zuwa 1,500 a gidan da ba shi da sarƙaƙiya, sai harajin VAT na kashi 20 a kai. Bincike kan ci fam 250 zuwa 450, rajista fam 150 ga gidan da kuɗinsa ke tsakanin fam 200,001 da 500,000. Na intanet sun fi araha a farkon gani, amma a nan ake yin tuntuɓe. Farashin da ke saman shafi na ainihin aikin ne kawai; a ƙasa akwai ƙarin kuɗin wakiltar banki, da na cike takardar haraji, da na tantance shaida, da na tura kuɗi, da na duba kyautar da wani ya ba ka ta cikon ajiya. Idan an tara, ratar ta kan ragu sosai. Tun Disamba 2018 SRA ta wajabta wa lauyoyi bayyana farashin wannan aiki a shafukansu, saboda haka a nemi cikakken lissafi a rubuce daga wurare uku a jera su. Alkawarin "in ciniki ya rushe ba ka biya" kuɗin lauya kawai ya rufe, na binciken da aka riga aka yi ya tafi. Kuma idan dillali ya matsa maka ka ɗauki lauyan da ya nuna, tambaye shi nawa ake ba shi a kan kowane mutum da ya tura. Wajibi ne ya faɗa, kuma babu tilas a kanka.

Ga wanda albashinsa ke shiga bankin Ingila shekara da shekaru, yana sayen gida mai mallakar dindindin, ba shi da gida a ko'ina, kamfanin intanet mai kyau ya wadatar, kuma babu dalilin biyan ƙari. Matsalar ita ce kaɗan ne daga cikinmu suke haka.

Babbar damuwar ita ce asalin kuɗi. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2017 ta ɗora wa lauya nauyin sanin inda kowane fam ya fito. Idan ka sayar da fili a Kaduna, za a nemi takardar cinikin, da bayanan bankin da nairar ta shiga, da shaidar canjin, da shigowar fam ɗin asusunka. Kuɗin da ya bi ta hannun ɗan canji, ka ba shi naira a Wapa wani baƙo ya tura maka fam daga Leicester, igiyarsa ta tsinke a idon lauya, kuma yana da ikon ajiye aikin. Kuɗin adashi ma haka ne idan babu rubutaccen tsarin wa ya zuba nawa. Idan mahaifi ko yaya ne ya taimaka, sai ya rubuta cewa kyauta ce ba bashi ba, ya kawo fasfonsa da bayanan bankinsa. Manyan kamfanonin intanet an gina su ne a kan yawan fayil da saurin wucewa. Ma'aikaci ɗaya na riƙe da ayyuka da yawa, fayil ɗin da bai dace da fom ɗinsu ba sai a tura shi wani sashe ya kwanta makonni. A halin nan tayin bashin banki, wanda yawanci wata shida yake yi, yana ƙarewa, mai sayarwa kuma haƙurinsa na raguwa. Wanda kuɗinsa ya ƙetaro daga gida ya fi buƙatar mutum guda mai suna da lambar waya, wanda zai duba takardun tun kafin a yi tayi.

Sai harajin sitam, wato harajin da ake biya a kan sayen gida, inda gidan Kano ke biyo mutum har Manchester. A Ingila, tun 1 ga Afrilu 2025, mai sayen gida karo na farko ba ya biyan komai a kan fam 300,000 na farko, muddin gidan bai wuce 500,000 ba. Amma "karo na farko" yana nufin ba ka taɓa mallakar gidan zama a ko'ina a duniya ba, har wanda ka gada. Idan kuma har yanzu kana da wani gida, ko matarka tana da shi, wanda darajarsa ta kai fam 40,000, ana iya ɗora maka ƙarin kashi 5 a kan dukan farashin. Gidan fam 250,000 ke nan: mai sayen farko ba ya biya, mai saye na yau da kullum ya biya 2,500, mai wani gida ya biya 15,000. Wanda bai cika kwana 183 a Birtaniya ba cikin shekarar da ta gabaci sayen, akwai ƙarin kashi 2 a kansa. A fom ɗin intanet wannan tambaya ce guda ta "eh" ko "a'a", kuma kai ke ɗaukar alhakin amsar, ba lauya ba. Kason gado a gidan iyali yana da ƙa'idojinsa, magana ce ta zama da wanda ya san ta.

Masu guje wa riba suna sayen gida ta hanyar haɗin gwiwa da haya, irin wanda bankin Gatehouse ke yi. A nan banki ne ke sayen gidan, kai kana sayen kasonsa a hankali kana biyan hayar ragowar. Takardun sun fi yawa, banki na da lauyansa kai kana da naka, kuma ba kowane ofishi ne ya taɓa yin irinsa ba. A nan zama kusa ba ya amfani idan babu gogewa: lauyan da ke Bradford ko Birmingham wanda ya saba da shi ya fi na bakin titinku da bai taɓa gani ba. Ko da bashin banki na yau da kullum ne, tambayar farko ita ce ko ofishin yana cikin jerin lauyoyin da bankinka ya amince da su. In ba ya ciki, banki zai ɗauki nasa kai ka biya.

Ma'aurata su kula da yadda za a rubuta sunayensu. A wani tsari, idan ɗaya ya rasu gidan gaba ɗaya ya koma ga wanda ya rage, wasiyya ba ta taɓa shi. A ɗaya tsarin kowa na da kasonsa, wanda za a iya rabawa bisa wasiyya. Mai son a raba gadonsa yadda shari'a ta tanada na biyun yake buƙata, tare da rubutacciyar wasiyya, kuma zaɓin akwati ne ƙarami a fom TR1, takardar sauya mallakar gidan.

Gidajen bene na filat yawancinsu hayar dogon zango ce. Idan shekarun da suka rage sun yi ƙasa da 80, tsawaita su na da tsada kuma bankuna kan ja baya. Tun bayan gobarar benen Grenfell da ke Landan ta 2017 da dokar tsaron gine-gine ta 2022, benen da ya kai mita 11 ko hawa biyar yana da ƙarin takardu, har wasu ofisoshi, na intanet da na gari, ba sa karɓar aikinsa. A faɗa musu tsayin benen tun a wayar farko.

Ranar tura kuɗi ita ce mafi haɗari ko da wa kake aiki. 'Yan damfara kan shiga imel, su aiko da saƙo da sunan lauyanka cewa an canza asusu, galibi daf da Juma'a, ranar da aka fi karɓar mukulli. Lambar asusun a karɓe ta hannu da hannu ko ta wayar da ke kan wasiƙarsu ta farko, a tura fam ɗaya a tabbatar ya shiga, sannan a tura sauran. Idan aiki ya lalace saboda sakaci, ana fara kai ƙorafi ga ofishin a rubuce. Suna da mako takwas su amsa, daga nan a wuce hukumar Legal Ombudsman mai sauraron ƙorafi a kan lauyoyi, cikin wata shida da samun amsarsu ta ƙarshe, kuma kada a wuce shekara guda da faruwar matsalar ko gano ta.